Telan da Jami'a Ta Ari Idonsa

Ranar farko da Baba Tela ya taka harabar jami'a, labule ya je aunawa. A lokacin ba a fara ce masa Baba ba. Gashin kansa baƙi ƙirin, tef ɗin awo rataye a wuya, fensir a bayan kunne. Shagonsa yana cikin jerin shagunan da ke fuskantar ƙofar baya ta jami'ar, tsakanin mai gyaran agogo da mai aski. Wata matashiyar malama ce, sabuwar dawowa daga karatu, ta tsallako titi ta ce tana son baƙin labule mai ninki biyu, wanda ko silin haske ba zai ratsa shi ba. Ya tambaye ta ko ɗakin wanke hoto za ta buɗe. Ta ce a'a, ɗakin nazarin gani ne. So take ta san yadda ido da ƙwaƙwalwa suke haɗa kai har mutum ya ga abin da yake gani.

"To, Malama," in ji shi, "mai neman sanin gani, me zai yi da duhu?"

"Rataya labulen tukuna, zan nuna maka."

Da ya rataya, ta zaunar da shi a wata kujera mai tsawo, ta sa ya ɗora haɓarsa a kan wani ɗan katako, goshinsa ya jingina da ƙarfe, ta ba shi madanni a hannu. Ta ce wani ɗigon haske zai riƙa bayyana can gabansa, wani lokaci ja, wani lokaci kore, wani lokaci shuɗi, kuma zai riƙa dusashewa. In ya gani ya danna, in bai gani ba ya bari. Ya yi. Washegari da ya zo gyara ƙasan labulen ta sake zaunar da shi, amsarsa ta fito daidai da ta jiya. Ta yi masa bayani cewa irinsa ba su da yawa. Akasarin mutane in aka zaunar da su, wasu dannawa suke yi don su faranta wa mai gwaji rai, wasu barci ke ɗaukarsu. Shi kuwa mutumin da ya saba bin farin zare a kan farin yadi ne, ba ya zumuɗi, ba ya cika baki. Ta roƙe shi ya riƙa ara mata idonsa safiya biyu a mako.

"Aro dai, ko? Za a dawo mini da shi in an gama?"

Ta ce za a dawo da shi.

Ba a gama ba har furfura ta cika masa kai. Malamar ta zama Farfesa, ɗalibai suna kiranta Uwar Ɗaki a bayan idonta, amma shi bai taɓa daina ce mata Malama ba, ita ma ba ta taɓa neman ya daina ba. Kayan aiki suka canza a gabansa. Da farko wani dogon tebur ne cike da madubai da gilasai a jere, da fitila mai zafi wadda sai an lulluɓe ta da kwali, ana juya kowane madubi da hannu kamar mai saita agogo. Aiki ne mai kyan gani, wanda ya koya wa yara haƙuri. Daga baya aka kwashe shi aka ajiye kwamfuta da allonta. Baba ya shafa gefen teburin ranar da aka fitar da shi.

Ɗalibai suna zuwa suna wucewa: masu digiri na biyu, masu digirin dakta, da waɗanda suka riga suka zama daktoci suka zo ƙara gogewa kafin su buɗe ɗakunan kansu. Dukkansu a kan idon Baba suka koyi awo, har suka laƙaba masa suna Ma'auni. In aka kawo sabuwar na'ura, sai an zaunar da Ma'auni an ga amsarsa ta yi daidai da ta shekarun baya kafin a yarda da ita. A cikin takardun binciken da suke bugawa akwai wani layi mai lanƙwasa da ake sa wa haruffa biyu a ƙasa a madadin sunan mai idon, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ya san idon wane ne.

Akwai wata ƙa'ida da Farfesa ta kafa tun farko. Ido yana bukatar kusan rabin sa'a a cikin duhu kafin ya buɗe sosai ya iya ganin ɗan ƙaramin haske. Ta ce ba za a rufe mutum shi kaɗai a duhu kamar buhun gawayi ba, dole mai gwajin ya zauna tare da shi. A wannan zaman ne Baba yake nasa koyarwar. Shi ya koya musu su goge katakon haɓa a gaban mutum, don ya gani da idonsa an goge. Shi ya koya musu su yi magana kafin su kunna fitila. Wani ɗalibi da ke yin tsaki duk lokacin da amsa ba ta yi masa daɗi ba, Baba ya ce masa, "Ɗan nan, tsakinka nake bi yanzu, na daina bin ɗigon." Yaron bai sake ba. Kuma duhu yana kwance harshe. Wanda ba zai iya kallon Farfesa ya ce bai gane ba, sai ya faɗa wa Baba. A nan ya ji labarin wanda ya so ya gudu ya bar karatu, da wadda jaririnta ke haƙori tana rubuta kundi, da wanda ya rasa yadda zai gaya wa mahaifinsa cewa daktan da zai zama ba ya rubuta magani. Baba ba ya ba da doguwar shawara. Yakan ce, "To, ai ga shi ka faɗa, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba."

Sana'ar ɗinki kuwa ta ja baya. Kayan kanti sun cika gari, aikin shago ya koma rage tsawon wando da sauya zif. 'Ya'ya sun yi gidajensu. Abin da ke sa Baba ya goge takalmi ya sa rigarsa mai aljihu biyu shi ne waɗannan safiyoyi biyu. A titi tsohon tela ne kamar kowane, a bayan baƙin labule kuwa shi ne wanda ake jira. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba, amma matarsa ta sani. Takan tsaya da butar shayi tana kallonsa yana neman hularsa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Mutumin da hula ke gabansa yana lalube, wai da idonsa ake auna na duniya."

"Uwar yara, ai ba a auna ni da neman hula ba."

"Da an auna, da tuni an sallame ka."

A shekarar da ake maganarta, mutum biyu ne suka fi zama da shi. Akwai wani sabon dakta mai tsawo, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin, ana ce masa Dogo. Ya iya na'ura, ya san lissafi, kuma a hannunsa Farfesa ta bar ɗakin da ta tafi wata jami'a koyarwa na zango guda. Sai wata ɗaliba 'yar ƙarama mai saurin magana, ita ce ƙaramar ɗakin, ana ce mata Auta. Kundinta na dakta a kan ganin launi ne a cikin ƙarancin haske. Baba yana ce mata jikata, yana tsokanarta cewa in ta gama karatun nan shi za ta aura. Ita kuma takan ce sai dai in zai fara sayen sababbin haƙora.

Da Auta ta fara awonta na gaske, sai abu ya ƙi. Ja yana fitowa daidai, kore ba laifi, shuɗi kuwa sai an ƙara masa haske sosai kafin Baba ya danna. Ta jera sakamakon kusa da na ɗaliban da suka wuce, layin ya karkace. Ta kai wa Dogo.

Dogo ya duba ya ce, "Allon ne. Ya tsufa, shuɗinsa ya mutu."

"Amma Yaya Dogo, ni da na zauna ina ganin shuɗin."

"Ke kin san abin da kike nema. Wanda ya san amsa ba ya zama shaida. Shi ya sa muke da Ma'auni."

Wannan magana gaskiya ce, a aji ma haka aka koya musu. Baba kuma ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. Ya ce ai shi ya daɗe yana faɗa, shuɗin yanzu ba shuɗi ba ne. A da in ka warware yadi shuɗi, har cikin ido yake shiga. Yanzu kamfanoni sun rage rini, duk ya koma kamar toka. In masu yadi sun yi ha'inci, me zai hana masu allo?

Aka sauya allo. Shuɗi bai dawo ba. Dogo ya ɗauko na'urar auna haske ya ɗora a kan allon, na'urar ta ce allo lafiyarsa ƙalau. Ya tsaya yana kallonta, hannu a ƙugu, sannan ya yanke hukunci cewa ita ma na'urar tana bukatar gyara. Aka aro ta wani sashe, ita ma ta faɗi abin da 'yar'uwarta ta faɗa. Dogo ya ce kamfani ɗaya ne ya yi su. Ya kwance wayoyi, ya rarrafa ƙarƙashin tebur ƙafafunsa na waje har bakin ƙofa, ya liƙe kowace kafa da baƙin tef. Har labulen aka zarga, sai da Baba ya zo da allura ya bi gefensa kaf, yana gunaguni cewa ɗinkinsa bai taɓa yoyo ba. A ɗakin nan akwai mutane masu iya zana cikin ido a allo da alli ba tare da sun duba littafi ba, amma babu wanda ya yi tunanin ɗaga fitila ya leƙa idon da suke aunawa safiya biyu a mako. An duba shi tuntuni, an rubuta lafiya lau, aka wuce wurin. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Auta ta fara ramewa. Lokacinta yana tafiya, ba ta da ko shafi ɗaya da za ta nuna. Wata rana da hantsi hannun jakarta ya tsinke, ta tsallaka titi ta kai wa Baba shago. Ya karɓa, ya zaro zare, ya lasa bakinsa, ya zura a kafar allura tashi ɗaya. Tabaransa na karatu yana can kan keken ɗinki, ƙura ta rufe shi.

"Baba, ba ka sa tabarau ba."

"Na yi masa ritaya, jikata. Tun bara idona ya koma na saurayi. Har rubutun jikin kwalbar magani nake karantawa. Kin ga mijin da kike rainawa?"

Auta ba ta yi dariya ba. Ta tsaya da baki buɗe, domin ta tuna wani darasi na shekararta ta farko. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai tattara haske. In yanar ido ta fara kama shi daga tsakiya, yakan yi kauri ya koma ruwan ɗorawa. Kaurin yakan sa tsoho ya ga na kusa garau na ɗan lokaci har ya jefar da tabarau, launin kuma yakan tare shuɗi ya hana shi shiga.

"Baba, in mota ta haske ka, yaya kake ji?"

"Fitilun motocin yanzu ai mugunta ce."

"Zo mu je."

"Jakar fa?"

"Bar jakar, Baba."

Ta ja shi har ɗakin, ta zaunar da shi gaban na'urar leƙa ido da ke kusurwa a lulluɓe da mayafi, ta kira Dogo. Dogo ya leƙa idon dama, ya leƙa na hagu, ya miƙe a hankali har kansa ya bugi fitilar sama. Ya dubi tulin wayoyin da ya kwance, ya dubi allo biyu, ya dubi na'urar aro. Sai ya zauna a ƙasa ya kama dariya har da hawaye, Auta ma ta kama.

Baba ya taya su kaɗan, don kada ya ɓata musu. Sannan ya tambaya a hankali, "Wato ba allon ba ne?"

"Yanar ido ce, Baba, a duka biyun," in ji Dogo. "Ta dama ta fi. Abu ne mai sauƙi, a cire a sa maka sabon madubi na roba. Za ka gani tar."

"Na roba," in ji Baba. Ya ɗauki hularsa ya yi musu sallama.

Safiyar da ta biyo baya bai zo ba, ta bayanta ma haka. Ya zauna a shago yana juya keke ba yadi a kai. Lissafinsa a fili yake. Abin da ya sa ake jiransa shi ne idonsa ba ya canzawa. Yanzu ya canza, kuma har ya ɓata wa yarinya watanni. In an yi aikin ma, idon roba ba shi ne wanda aka auna shekara da shekaru ba. Tef ɗin awo in ya miƙe, tela ba ya lallashinsa, jefar da shi yake. Da takardar asibiti ta zo da ranar aiki, ya tura ta ƙarƙashin akwatin zare.

Matarsa ta gano ta. "Malam, wannan fa?"

"Ina ganin hanya, ina ganin abinci, ina ganinki. Me ya rage?"

"Kana ganina? To wane launi ne ɗankwalina?"

"Baƙi."

"Shuɗi ne, kuma kai ka saya. Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara nawa kana zaunar da yaran mutane kana ce musu kada su ji tsoro."

Ya ce ba tsoro ba ne. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi ba ta haushi.

A makon ne Farfesa ta dawo. Ta saurari labarin daga bakin Dogo, wanda bai rage komai ba, har da rarrafen. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce laifin ya faro daga kanta, domin ita ta bar ɗakin ya jingina da ido ɗaya. Ta sa aka tara kowa, ta sa Dogo ya maimaita labarin a gaban sababbin ɗalibai, ta ce wannan ya fi darasin zango amfani. Daga nan ta tsallaka titi, kamar yadda ta taɓa yi tana matashiya, sai dai yanzu tana dafa gwiwa wajen hawa dakalin shagon.

"Malam Tela, an ce ka yi yaji."

"Malama, kayan da aka ara ne ya lalace. Na ce kada in sake kawo muku shi in ji kunya."

"A hannunmu ya lalace, mu ke da jin kunya. Ka je a yi aikin nan."

"In an yi, sai me? Me zan zo yi?"

Ta san shi, ta san in ta yi masa daɗin baki zai gane. Ta ce, "Ba zan ce maka za ka koma Ma'auni ba. Wannan ya wuce, kuma da ma bai kamata mutum ɗaya ya ɗauki wannan kaya ba. Abin da zai biyo baya ban sani ba. Amma ban yarda ka zauna da yana a ido saboda ɗakina ba."

Bai ji daɗin amsar ba, amma ya ji gaskiyarta. Ya je. Aka yi wa idon dama aiki, aka ce na hagu sai bayan wasu makonni. Ranar da aka cire bandeji, matarsa da Auta suna tsaye a kansa. Ya buɗe ido ya yi ta ƙifce-ƙifce, ya dubi bango, ya dubi rigar ma'aikaciyar jinya, ya dubi taga.

"Wa ya zuba wa duniya bula?"

Ya rufe dama da tafin hannu ya duba da hagu, bangon ya koma kalar tsohuwar jarida. Ya rufe hagu ya buɗe dama, bangon ya yi fari fat har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. Ya yi ta yi, dama, hagu, dama, hagu, kamar yaron da aka ba sabon abin wasa. Ya juyo ga matarsa ya daɗe yana kallo.

"Uwar yara, ashe kin tsufa haka?"

"Likita," in ji ta, "a mayar masa da yanarsa."

Auta kuwa ta daina jin su. Tana kallon hannun nan da ke tafiya daga ido zuwa ido, tana lissafi. Ga tsohon ido da sabon ido a kai ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya tana karɓar fari iri biyu. Wanne za ta kira fari? Yaushe za ta saba da sabon, kuma ta yaya? Kafin su fita daga asibitin ta riga ta san kundinta ya sauya hanya.

Da likita ya ba da izini, Baba ya koma kujerarsa. Auta ta shirya sabon gwaji: a rufe ido ɗaya, ya riƙa murɗa wani ɗan maɓalli har sai abin da ke allo ya zama fari tsantsa a ganinsa, sannan a sauya ido. Mako bayan mako farin idon dama yana matsawa kaɗan-kaɗan, ƙwaƙwalwa tana gyara lissafinta. Farfesa da kanta takan leƙo ta tsaya a bayan Auta tana gyaɗa kai. Baba ya koma goge takalmi. Bai taɓa jin an damu da shi haka ba, ko a zamanin da yake Ma'auni.

Sai ranar aikin idon hagu ta matso. Baba ya yi nasa lissafin. In aka gyara hagu, ya zama tsoho mai idon roba biyu, irinsa kuwa sun cika gari. Suna zaune a duhu shi da Auta, suna jiran ido ya buɗe, ya gyara murya.

"Jikata, wata nawa kike bukata ki gama da hagun nan?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"In shida ne, in shekara ce, faɗa mini. Zan ce wa likita ina da tafiya. Ido ɗaya ya ishe ni ɗinki. Ba sai Malama ta ji ba."

Bai ga fuskarta ba, amma ya ji kujerarta ta motsa. Ya san abin da ya miƙa mata ba ƙarami ba ne. Wata shida na irin wannan awo zai sa kundinta ya yi nauyi, kuma ta riga ta yi asarar lokaci a dalilinsa.

"Baba, jiya na ga yadda kake sauka daga matakala, kana laluben ta ƙarshe da ƙafa. Ido biyu da ba su jitu ba, ba su iya auna zurfi. In ka faɗi ka karya ƙugu, a wane shafi zan rubuta shi?"

"Ba zan faɗi ba."

"Za ka je ranar da aka sa maka. Ni zan raka ka."

"Kundin fa?"

"Ko na riƙe ka shekara, mutum ɗaya ne kai. Masu jarrabawa za su ce, wannan labarin Baba ne, ina na sauran mutane? Tsofaffi nake bukata da yawa, masu yana, in auna su kafin aiki da bayan aiki, kowa a ranar da likitansa ya sa masa. Na je asibiti na roƙa, da sun ji an ce ɗaki mai duhu sai su ce suna da uzuri. Yarinya ce ni, ba sa yarda da ni."

Ba amsar da Baba ya so ba ce. Amma ya tuna ranar da yarinyar nan ta fara shigowa, ta kunna masa fitila a ido ba gargaɗi, ta ba shi haƙuri har sau nawa. Ya yi murmushi a cikin duhu.

"Tsofaffi masu yana kike nema?"

"Ka san wasu?"

"Jikata, kaf abokaina rabin makafi ne, kuma kowanne zai rantse miki lafiyarsa ƙalau."

Aka yi aikin hagu a ranarsa. Da idon ya warke, Baba ya bi jerin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Mai gyaran agogo ya ce shi ba ya shiga inda ba a ganin hannun agogo. Mai aski ya tambaya ko za a cire idon ne a auna a mayar. Baba ya ce masa in ma an cire ai gyara ne, tunda shekara biyu ke nan yana yi wa mutane aski a karkace ba wanda ya iya gaya masa. Ya yi da lallashi, ya yi da gori, ya bi ta wajen matansu. Dogo ya shirya da asibiti cewa duk wanda ya zo za a fara duba idonsa sosai, a haɗa shi da likita, ko ya yarda da gwajin ko bai yarda ba.

Wata safiya Farfesa tana ofis ta ji hayaniya a baranda. Ta leƙo ta ga Baba a gaba da rigarsa mai aljihu biyu, bayansa mai agogo, da mai aski, da wata tsohuwa mai sayar da zare, da wani tsohon direba da ba wanda ya gayyace shi, ya ga ana tafiya ya biyo. Suna musu a kan wanda zai fara shiga, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba. Dogo ya fita da gudu neman kujeru. Auta ta fito ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta yi musu bayani a natse, ba sauri, ta ce duk wanda ya gaji ya faɗa a tsaya. Tsohuwa mai zare ta ce ita za ta fara, tunda mazan sun zama mata.

Baba ya nufi labule zai shige, Auta ta tare ƙofa.

"Baba, kai ne na biyar."

"Ni? A ɗakin nan?"

"Baƙi ne a gaba. Zauna ka riƙe mini mai aski, na ga yana kallon hanyar fita."

Baba ya juya ga Farfesa. "Malama, kin ji abin da kika koya musu? Yau ni ake ce wa in bi layi."

"Ni ma haka take yi mini," in ji Farfesa.

Ya zauna a benci, ya damƙe hannun rigar mai aski, ya fara yi masa bayanin yadda ake ɗora haɓa.